Rijiyar da Aka Kulle Guganta

Ina shekara biyar ƙyanda ta tafi da idanuna, don haka fuskar Habboba a yatsuna na san ta: tsagar kumatunta, da giɓin haƙoranta na gaba. Habboba kakata ce ta wajen uwa. Haka ake kiran kaka a Omdurman, ko da yake in tana jin faɗa sai ta ce ita Kaka ce, Larabawa su riƙe kalmarsu. Tana ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa za su Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare a Jazira, suka zauna tsinkar auduga, tafiyar da ba a ƙarasa ba ke nan.

A farkon mulkin soja wutar lantarki ba ta zama. Da an idar da magariba sai a ɗauke, kowa ya dawo tsakar gida. Habboba ta jawo kanun, wato murhunta na gawayi, ta ɗora gahawa mai citta, mu kuma mu jeru a gadon igiya. 'Yan'uwana suna ta tsaki an rasa talabijin, ni kuwa daɗi nake ji har cikin raina. Abin da ke fita daga bakinta da kunne ake karɓa, kuma a nan ba wanda ya fi ni. Sai ta ƙwanƙwasa cokali a jikin kanun ta ce, "To, ga ta ta iso, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Ta zauna nan kusa da mu."

Tatsuniyar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta wani attajiri da ya haƙa rijiya a shekarar fari. Rijiya mai zurfi, an gina mata baki mai kyau, ranar buɗe ta har da makaɗa. Amma da yamma ta yi sai ya naɗe igiya da guga ya kai ɗakinsa ya kulle, wai kada ɓarayi su sace. Wata tsohuwa ta iso da ƙishirwa, ta jefa tsakuwa, ta ji ruwa ya amsa can ƙasa. Ta je ƙofarsa ta roƙi guga. Ya ce, "Iya, ruwa fa na ba ku, gari duka shaida ne. Me kuma kike so?" Ta koma ta zauna a bakin rijiyar tana jefa tsakuwa tana sauraro, har rana ta faɗi.

Na tuna na daki gado na ce, "Habboba, wannan mugu ne!"

Ta yi dariya. "La la, ya bitti, a'a 'yata, ba mugu ba ne. Da mugu ne ai da sauƙi, sai a zage shi a huta. Wannan har zuciyarsa ya yarda ya yi sadaka."

Ban gane ba, kuma na ji haushinta, don ni ina son a ƙarshen labari a ga bayan mai laifi.

Shekaru suka wuce, Habboba ta rasu, na kai ajin ƙarshe a fannin shari'a a wata jami'a a Khartum. Duk karatuna a bakin yayata Asiya na yi shi. Shayi take sayarwa a kasuwa, ta dawo a gajiye ta karanta min tana hamma. Sai aka ba ni kwamfuta mai muryar da ke karanta abin da ke allo, aka kuma sanar cewa ɗakin karatu ya mayar da littattafansa na lantarki. Saura mako uku jarrabawar dokar gado, wadda in na faɗi sai na maimaita shekara. Ranar na ce wa Asiya ta huta, daga yau ni zan karanta abina.

Na hau bas na tsallaka gada, aka zuba min littafin a filashi, na dawo gida ina rawar jiki. Na buɗe. Muryar ta ce, "Hoto." Na matsa gaba. "Hoto." Na yi ta matsawa har babban yatsana ya gaji. Ashe ɗaukar shafukan suka yi a hoto, ɗaya bayan ɗaya, suka ɗinke. Mai ido yana ganin rubutu, na'urar kuwa ba ta ga harafi ko ɗaya ba.

Washegari na koma wurin jami'in ɗakin karatun, dattijo mai fara'a, har shayi ya sa aka kawo min. Na yi masa bayani, na roƙi ainihin rubutun da aka buga, tunda marubucin malaminmu ne kuma yana hannunsu.

"Malesh, yi haƙuri, 'yata," in ji shi. "Da gangan muka yi haka. In muka saki rubutun, gobe masu shagon kwafi za su cika kasuwa da shi."

"Ustaz, ni fa ba na iya karanta shi."

"Amma ai littafin yana wurinki! Da sai kin zo nan, yanzu ga shi har cikin ɗakinki. Ki sa wani ya duba miki."

Wallahi na ji kamar in kife masa kofin a kan takardunsa. Na nemi manhajar da ke mayar da hoto rubutu, shafin masu ita ya ce ba a ba 'yan ƙasarmu, saboda takunkumi. Wata manhajar sata da wani ɗan ajinmu ya samo min kuwa, sai ta dagula Larabcin ya koma kamar maganar mai zazzaɓi.

Haka na koma wa Asiya, ina jin kunya. Ta karanta min daga allon, idanunta suna ruwa. Da ta iso wani jadawali na rabon gado, mai layuka da ƙananan lambobi, ta ce, "Wannan zane ne kawai, Hauwa, mu wuce." Ban san abin da na wuce ba, ta yaya zan sani? Babbar tambayar jarrabawa daga nan ta fito. Na maimaita shekarar, Asiya kuma ta yi wata guda ba ta iya cin abinci tare da ni ba, alhali ba ta da laifi ko kaɗan.

Sai a lokacin na fahimci dariyar Habboba. Wanda ya hana ka abu ka san da wa kake faɗa. Wanda ya ba ka abin da ba za ka iya taɓawa ba, ya kuma tsaya yana jiran godiya, ba ka da inda za ka kai ƙara. Abin da har yau yake ci min rai shi ne ranar da sakamako ya fito. Na haɗu da dattijon nan a bakin ƙofa, ya tambaye ni da murnarsa ko littafin ya yi min amfani. Shi babba ne, ni kuma 'yar gidan tarbiyya. Na sunkuyar da kai na ce masa na gode.