Huɗubar da Na Yi a Kan Mutumin Sahun Gaba

A lokacin da abin nan ya faru ni ne limamin Juma'a na wani ƙauye tsakanin Illo da iyakar Benin. Ban cika arba'in ba, na dawo daga karatu cike da jin kai, kuma ina jin daɗin yadda ake yin tsit in na buɗe baki. Jama'ata manoma ne da masunta, sai makiyayan da ke ruga a bayan gari. A cikin makiyayan akwai wani dattijo siriri mai ƙarancin magana, wanda kullum a sahun gaba yake tsayawa, daidai bayana. Yana da karatu, ko da yake ba ya nunawa. Wata rana ina karantar da rabon gado bayan la'asar na yi kuskure, sai ya gyara mini cikin ladabi, ya ce wataƙila idon Malam ne ya tsallake layi. Mutane suka yi murmushi. Na yi masa godiya da baki, amma abin ya tsaya mini a rai.

Da damina ɓarayin daji suka shigo da hantsi, suka kore shanun noma, suka harbe mutum biyu a gona. Kafin mu dawo daga maƙabarta saƙonnin murya sun cika wayoyi, wai akwai mai kai musu rahoto a cikinmu. Aka fara ambaton dattijon, saboda kwana uku kafin harin ba a gan shi ba. Ni kuwa na san inda ya je. Shi da kansa ya zo zaurena ya shaida mini zai tsallaka da matarsa asibiti a Benin, ya roƙe ni in sa ta a addu'a. Da manyan masallaci suka tambaye ni ko na san wani abu a kansa, na ce Allah ne masani. Ranar Juma'a na hau mumbari na yi huɗuba a kan munafunci, na ce munafukin wannan zamani ba ya raɓewa a baya, gaba yake tsayawa don a shaide shi. Ban kama suna ba, kuma da wannan na daɗe ina kare kaina.

Da aka tayar da salla, na damar dattijon ya matsa gefe, na hagunsa ya matsa gefe. Na juyo don daidaita sahu, na gan shi tsaye shi kaɗai yana kallona. Aikina ne in ce a cike giɓi. Na juya na yi kabbara.

Daga ranar aka daina amsa sallamarsa, aka daina sayen nonon rugarsa, har butar da yake alwala da ita aka ɗauke. Bai fasa zuwa masallaci ba. Bayan mako biyu matarsa ta rasu. Ya zo da safe ya tsaya a ƙofar gidana, yana roƙon Malam ya taimaka ya zo ya sallace ta. Na aika masa daga ciki cewa zazzaɓi nake yi, alhali kunu nake sha. Daga baya na ji shi da ƙanensa ne suka haƙa kabarin, 'yarsa ta yi mata wanka, mutum huɗu suka yi mata salla. Washegari samarin gari suka cinna wa bukkokinsa wuta. Ina cikin masallaci ina jin hayaniyarsu, ban fito ba. Ya kora dabbobinsa ya tsallaka iyaka.

Ba a yi wata uku ba jami'an tsaro suka kama mai kai rahoton, wani ɗan gari mai sayar da fetur a galan. Aka yi ta tsine masa, amma ba wanda ya ambaci dattijon, kamar ba a taɓa yin sa ba. Sai da na shekara kafin na iya hawa babur na bi sawunsa. Na same shi a gindin bishiya yana tufka igiya. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, yana ta kira na Malam. Na faɗa masa komai, har da zancen gadon. Ya ce shi bai ma tuna da wannan gyara ba. Ya ce bukkoki da wulaƙancin da aka yi masa duk ya yafe. Amma matarsa, kafin ta cika, ta roƙe shi liman ya sallace ta, ya kuwa yi mata alkawari. Wannan, in ji shi, ba haƙƙinsa ba ne balle ya yafe, sai dai in jira ranar da zan haɗu da ita.

Na ajiye limanci bayan na dawo. Abin da na gane shi ne, jama'ar da tsoro ya kama ba hujja take nema ba, wanda za a nuna mata take jira, kuma ba ta buƙatar a kama suna. Ku masu hawa mumbari, da ku masu tura saƙo a waya, ku binciki zuciyarku kafin ku yi nuni da mutum. In kun san gaskiyar da za ta wanke wani, ku faɗe ta tun yana tsaye a gabanku. Ni na sani, na yi shiru, kuma wadda zan roƙa tana kabari.