Baturen da Ya Cire wa Birai Tsoro

Da ƙarfe goma na safe abin ya fara lalacewa, lokacin da wata mota ta tsaya ƙofar gidan mai gari, a ƙauyenmu kusa da Dogarawa. Bature ne a ciki, wai masani, ya zo binciken gwaggon biri. Ina hutun lakwal, wato makarantar boko, daga Birnin Konni, kuma ni kaɗai ke jin Faransanci, sai aka fiddo ni daga ɗaki in yi tafinta. Kaina a sunkuye na yi, amma ban tsallake kalma ko ɗaya ba.

Buƙatarsa guda ce: a daina korar biran da ke duwatsun gabas, su saba da mutum, ya samu zama kusa da su. Gonar babana ce ta farko a gindin duwatsun.

Baba ya ce, "Ɗiyata, tambayi baƙon nan, shi hatsi yaka ci ko biri?"

Wannan ma na fassara. Baturen ya yi dariya, ya ce Baba akwai barkwanci. Tunda kumandan, Baturen mulki, ne ya turo shi, aka rataye majajjawa, aka ɗaure karnuka.

Damina guda Baturen ya yi zaune kan dutse da madubin hangen nesa. Ya gano cewa biri yana cire wa ɗan'uwansa kaska. Ya gano babban namiji ne ke fara ci. Yana faɗa mini waɗannan kamar wanda aka yi wa wahayi.

Su kuwa biran sun ɗauki karatu fiye da shi. Tsoron da aka dasa musu tun kakanni ya fita sarai. Da hatsi ya nuna suka shigo da rana tsaka, suna karya zangarniya, su gatsa, su yar. Innata ta ɗaga musu kara, wani ƙato ya dube ta ya yi hamma. Rabin gonar ya tafi, sauran yana tsaye, kaka kuma da saura.

Na daɗe ina shirya jimlar a zuci don kada in yi kuskuren nahawu. Ranar da yake ɗaure kayansa a mota na matsa, na ce, "Yallaɓai, yaya za a yi a mayar musu da tsoron?"

Ya yaba Faransancina. Na sake tambaya. Ya ja igiya ya ƙulle, sannan ya juyo.

"Tambaya ce mai ban sha'awa, yarinya," in ji shi. "Sai dai ba ta cikin bincikena."