Tsagar Inna a Talabijin

Tun kafin a fara maganar talabijin a gidanmu, akwai abin da yake hana ni sukuni: fuskar Inna ta fara ɓace mini. Inna mahaifiyata ce, ta rasu 'yata tana rarrafe. Ina tuna muryarta, ina tuna yadda take ɗaura kallabi ta baya, amma in na rufe ido na ce bari in ga fuskar, sai ta ƙi tsayawa. Ban gaya wa kowa ba. Wace irin 'ya ce za ta buɗe baki ta ce ta fara manta kamannin uwarta?

Inna ba ta son hoto. Abin da ya rage mana kawai wani ɗan bidiyo ne da yayana ya ɗauka da ƙaramar waya ranar sunan 'yata, a gidanmu na Garo, lokacin da na je wankan gida. Wayar ta daɗe da mutuwa, amma na adana memorin. Wani lokaci nakan roƙi maigidana ya sa mini a tasa wayar, sai dai gilashinta a tsage yake, fuskar Inna kuma ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. In na nuna wa yarinyar na ce ga kakarki, sai ta ce, "Ina?"

Shekarar da masara ta yi kyau, maigidana ya sa mana sola a gidanmu da ke bayan Kabo, ya ce saura talabijin, irin ta bango. Ya riga ya gama shawara da abokansa: babba zai ɗauko a Gwarzo, saboda ƙwallo. Na ce zan bi shi.

"Ki bi ni ina? Shagon kayan wuta? Atamfa aka ce miki za a zaɓa?"

"Malam, ni ce zan wuni da ita a gida. Zan bi ka."

Ya kalle ni kamar an canja masa mata. Ni dama mai tsoro ce, ko baƙo aka yi sai na laɓe a ɗaki. Amma ranar na sa hijabina kafin ya gama karyawa, na shirya yarinyar, na je na tsaya a jikin babur. Uwar mijina tana daga ƙofar ɗakinta ta ce, "Ikon Allah. Yau kuma kasuwa za a ci da ke?" Na durƙusa na gaishe ta, amma ban koma ciki ba.

A hanya muka tsaya wajen masu tura waƙa a waya, aka juye bidiyon a filashi, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin talabijin. Na riƙe shi gam a tafin hannuna har Gwarzo.

Shagon na wani Alhaji ne mai fara'a da yawan magana. Bayan an gaisa, an tambayi gida da gona da mutanen Kabo, sai na ɗaga kai. Bango guda duk talabijin, kowacce tana nuna abu ɗaya: tsuntsu mai launi-launi, ruwa yana zubowa daga dutse, ana yanka wani jan ɗan itace da ban taɓa gani ba. Wallahi sun yi kyau. Har sai da na ji kunyar abin da na zo da shi.

Alhaji ya shiga bayani. Ya ce mutane duk filasma suke ce musu, amma an daina yin filasma, waɗannan el-i-di ne, fitila ce a bayan gilashin take haska hoton. Wata fitilunta a gefe-gefe suke, wata kuma sun cika bayan gaba ɗaya. Ya ce akwai wata o-led, ita ba ta da fitila a baya, kowane ɗigo shi yake kunna kansa, shi ya sa baƙinta baƙi ne ƙirin, amma ita sai a Kano, sai manya. Ya dafa wata ƙatuwa ya ce, "Ga taka, Malam. Fo-ke ce. Gumin ɗan ƙwallo ma sai ka ƙirga."

Maigidana ya washe baki. Ni kuwa na miƙa filashin.

"Alhaji, don Allah a sa mini wannan."

"To fa! Uwargida da fim ɗinta ta zo. Na Indiya ne ko na gida?"

Wasu maza biyu da suke zaune a benci suka yi dariya. Maigidana ya ce a hankali, "Ke, ki bari sai mun je gida mana."

"In mun je gida an riga an saya."

Ban janye hannun ba. Alhaji ya karɓa ya soka a bayan ƙatuwar.

Ga ɗakinmu na Garo ya cika bango. Ga mata, ga kwanuka, ga Inna zaune a bakin gado cikin duhun ɗaki da jaririya a cinyarta. Amma fuskar ta kumbura ta yi sumul kamar an shafe ta da laka, ta kuma yi wani ja-ja. Inna baƙa ce, siririyar fuska, tana da tsaga uku-uku a gefen baki irin ta mutanenta da suka yi kiwo. Babu tsagar ko ɗaya.

"Wannan ba Inna ba ce," na ce.

Alhaji ya ce, "Hajiya, ai gyara ta ta yi. Ita wannan in hoto bai da kyau da kanta take goge shi."

"Wa ya ce ta goge? Matar nan har ta koma ga Allah ba ta taɓa shafa man bilicin ba, sai yau a shagonka?"

Na bencin suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce, "Alhaji, an kama ka!" Da suka ji na ce ta koma ga Allah kuma, sai suka daina dariyar, suka ce Allah Ya jiƙanta. Alhaji ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya ɗauki rimot ya yi ta danne-danne, ya rage launi, ya kashe abin da yake gogewar. Jan ya tafi. Amma sai fuskar ta farfashe ta zama ƙananan akwatuna. Ya ce gaskiya hoton ƙaramar waya ne, in aka ja shi ya cika wannan fili dole ya yage.

"To a gwada a waccan," na ce.

Aka gwada a ta kusa da ita, mai fitilu a gefe. Nan kuma duhun ɗakin ya zama toka-toka, kamar ruwan wanki, gefunan suna haske, tsakiya ta dushe. Inna ta nutse a ciki, farin mayafinta kawai ake gani. Na ce a'a. Aka gwada wata, na ce a'a. Maigidana ya fita waje ya dawo, ya ce rana tana yi. Na ce ta yi.

Can ƙasa, kusa da kwalaye, akwai wata matsakaiciya da ko kunna ta ba a yi ba. Alhaji ya ce ita ba ta da wani suna, ba ta shiga intanet, amma fitilunta a baya suke. Ya kunna, ya soka filashin. Na durƙusa a gabanta.

Duhun ya zauna a matsayin duhu. Hasken ƙofa ya faɗo a gefen fuskarta kamar yadda yake faɗowa a ɗakin nan da hantsi. Ta sunkuya ta gyara wa jaririyar hula, ta ɗago, ta harari mai ɗauka. Yarinyar ce ta matso, ta sa yatsa a gilashin.

"Umma, wa ya yanke ta a baki?"

Nan na zauna a ƙasan shagon mutane na yi kukana, ban damu da kowa ba.

Maigidana ya bari na share ido, sannan ya ce, "Na ji. Amma wannan ai ta yi ƙanƙanta. Na riga na gaya wa mutane su zo kallon wasa. Me zan ce musu?"

"Malam, ƙwallo kowane mako sabuwa ake bugawa, ga gidan kallo nan a bakin titi. Inna kuwa wannan ce kaɗai, ba za a sake buga wata ba. In ka ɗauki babbar, kuɗinka ne, ba zan hana ka ba. Amma ba zan sa uwata a cikinta ba, ba kuma zan zauna a gabanta ba."

Ban taɓa yi masa magana haka ba, balle a gaban maza. Ya daɗe yana kallon ƙatuwar. Sai ya ce wa Alhaji ya sa masa ƙwallo a ƙaramar ya gani. Aka sa. Ya tsuguna, ya karkata kai, ya ce, "Ana dai ganin ƙwallon." Ɗaya daga na bencin ya ce, "Har gola ma ana gani, Malam, ɗauki kawai ka zauna lafiya." Maigidana ya harare shi, ya ce a sa ƙaramar a kwali.

A kan babur ni na rungume kwalin har gida, yarinyar tana gaba.

Ba a bar ni haka ba. Abokansa suka zo suka ce madubi ya sayo. Uwar mijina ta gaya wa maƙwabta na mallake mata ɗa a tsakiyar kasuwar Gwarzo. Shi ma kwana da kwanaki yana amsa mini magana a gajarce. Na ji duka, ban ba kowa haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba. Yanzu 'yata ta san kakarta. In an kunna, takan ce a tsaya a wurin hararar, ta kwaikwaya, mu yi dariya.

Abu ɗaya ne babu talabijin ɗin da za ta iya gyara mini. A duk bidiyon Inna ba ta yi magana ba, hayaniyar 'yan suna ce kawai. Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in mahaifiyarka tana raye, ka zaunar da ita a tsakar gida da rana, ka matso kusa, ka ɗauke ta tana magana. Ko ta ce ba ta so, ka lallashe ta.