Na Je Maiduguri Ɗauko 'Yar Ƙanena, Na Dawo Ni Kaɗai

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba muka tashi daga Kano: ni, direba, da fasinja shida. Niyyata ɗaya ce, in ɗauko 'yar ƙanena daga jami'a. 'Yan ta'adda ne suka kashe mahaifinta, ni na riƙe ta. Ta bugo min waya tana kuka, wai za a tattauna a ajinsu ko ya dace a karɓi tubabbun 'yan ta'adda cikin gari, kuma gara ta bar karatu da ta zauna ta saurara.

A Potiskum muka sha fura, ruwanta ya fi nonon yawa. Daga Damaturu na fara ƙirga shingen sojoji, barci ya ɓata min lissafi. Da la'asar muka shiga Maiduguri, na sauka gidan wani aboki a Gomari. Aka kawo min soyayyar fara da yaji. Na ci biyu don kunya, sauran kuwa don daɗi.

Washegari, ranar tattaunawar, ƙarfe tara na samu malamar ajin. Na ce mata ba a wasa da ciwon maraya. Ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Zauna a baya ka gani, sannan ka yanke hukunci."

Dokokinta uku ne. Ta farko, kowa ya rubuta ra'ayinsa kafin ya buɗe baki. Ta biyu, ba a katse mai magana. Ta uku, ba a tambayar kowa abin da ya faru a gidansu, kuma wanda abin ya yi wa nauyi yana iya fita ba sai da izini ba.

Wani ɗalibi ya miƙe ya ce yayansa tubabbe ne, shi kansa yanzu maƙwabta ba sa amsa sallamarsa. Aji ya ɗauki guna-guni, malama ta ɗaga hannu, aka yi tsit. Na zuba wa ƙofa ido, ina jiran yarinyata ta fita. Sai ta miƙe ta dube shi. Ta ce, "Ni ban yafe ba, kada a matsa min. Amma kai ba ka kashe min kowa ba." Malama ba ta gyara maganar ko ɗayansu ba, ta kira na gaba.

Da aka tashi, yarinyar ta ce, "Baffa, ka koma kawai, ina da jarrabawa ranar Litinin."

Kashegari da magariba na iso gida ni kaɗai, cike da murna. Na gane magana mai zafi tana yiwuwa idan an yi mata tsari. Iyaye, ina roƙonku, kafin ku cire ɗa daga makaranta, ku je ku zauna a ajinsa ko sau ɗaya.