Kalmar da Ustaz Bello Yake Ƙarasawa

Damina tara ke nan da muka kai yayana Ustaz Bello makwancinsa, a maƙabartar da ke bayan babbar magudanar ruwan ƙauyenmu, ba nisa da garin Hasahisa. Ni manomi ne, alƙalami ba sana'ata ba ce. Abin da ya sa na ɗauke shi bana shi ne ana shirin rufe makarantar firamaren da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyarwa a cikinta, kuma ni ne iyayen yara suka ɗora wa zuwa ofishin ilimi roƙon a bar mana ita.

Wanda bai san garinmu ba sai ya ɗauka 'yan makarantar duk Hausawa ne. Ba haka ba ne. Akwai 'ya'yanmu, akwai na Fulani da Barebari, akwai na Larabawan da ke kiwo a gefen gari, sannan akwai 'ya'yan kambo, wato bukkokin leburorin da suka zo tsintar auduga daga yamma suka zauna. A zamaninsa yaro kan shiga aji ɗaya bai san Larabci ko na sayen gishiri ba, amma da Larabci za a yi masa jarrabawa. Yaya kan tara su a gindin dalbejiya kafin a buga ƙararrawa, ya yi ta juya harshe daga wannan yare zuwa wancan har kowa ya gane. Mutane suna yi masa dariya, wai ustaz ya zama dillalin kasuwa.

Duk sanda ya je ofishin ilimi neman alli, ko benci, ko ƙarin malami, amsa ɗaya yake samu: "Mafi." A Larabcin ƙasar nan ma'anarta babu. Mu kuwa a Hausa, mafi farkon yabo ne. Sai ya dawo a kan kekensa, gumi har wuya, in tare shi in ce, "Yaya, mi sunka ce?"

"Sun ce mafi," in ji shi. "Ba su dai ƙarasa ba. Mu ƙarasa musu: mafi kyau."

Haushi yakan ba ni, don ni mai saurin fushi ne, shi kuwa ko an zage shi sai ya nemi abin dariya a ciki. Amma da wannan wasan ya sa mata suka riƙa kawo dawa mudu-mudu bayan girbi don abincin safen yara, maza suka buga bulo, hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka. Shekarar da ɗalibanmu suka fi na duk makarantun yankin cin jarrabawa, ya sa tsani ya rubuta "mafi kyau" da farar ƙasa a saman ƙofa, da haruffan Larabci manya-manya. Masu duba makarantu sukan tsaya su yi ta kallonsa, sun karanta rabi, rabin ya gagare su.

Allah ya yi masa gata da bai ga yaƙin nan ba. Mun gudu, mun dawo. Waɗanda suka rasa gidajensu sun zauna a azuzuwa, benci ya zama makamashin girki, kuma ban ga laifinsu ba. Malamai sun watse, wasu garin Damazin, wasu ƙetare, waɗanda suka rage albashi sai an ga dama. Yaran da suka daɗe ba karatu aka sa su jarrabawa, suka faɗi warwas. Yanzu ofis ya ce tunda sakamako ya lalace, za a haɗe mu da makarantar wani babban ƙauye can tsallaken magudana. Mai keke zai kai ɗansa. 'Ya'yan kambo da ƙananan 'yan mata kuwa, karatunsu ya ƙare ke nan, kowa ya sani.

Makon jiya na je ofishin. Jami'in ya tarbe ni da mutunci, har da shayi, sannan ya buɗe tafin hannunsa ya ce, "Ya Haj, wallahi mafi." Na buɗe baki in ƙarasa masa kamar yadda Yaya ke yi, sai na ji ba ni da ƙarfin. Na gaji. Na shanye shayina na fito.

Na sha tambayar kaina abin da zai ce da ya ga yau. Ina jin abin da zai fi ɓata masa rai ba ofis ba ne. Yaɓen bangon nan ya ɓalle ya tafi da "kyau", saura "mafi" kawai a saman ƙofa. Na tambayi jikata Hauwa'u me aka rubuta. Ta ɗaga kai ta ce da ni da Larabci, an rubuta babu. Yaranmu sun fi jin Larabci yanzu, ba ta ma san kalmar tana da wata fuska ba.

To, me ya rage na Ustaz Bello? Gonarsa an raba, kekensa an sace. Amma akwai Ustaza Nafisa, 'yar kambo, ba Bahaushiya ba, wadda ta koyi baƙaƙe a gindin dalbejiyar nan, yanzu kuma take koyarwa ba ko kwabo. Da na dawo daga ofis na same ta a ƙofar makaranta, ta karanta amsar a fuskata.

"Baba, mafi sunka ce?"

Na ɗaga mata kai.

"To ba su ƙarasa ba," in ji ta, ta ɗauko farar ƙasa. "Riƙe mini tsani."

Ban sani ba ko za a bar mana makarantar. Na dai riƙe tsanin.