Mbah Warsiti da Kaset ɗin Tela

A shekarun da na yi ina girki a gidan kula da tsofaffi da ke bayan kasuwa a garin Solo, ban ga wanda zama ya ci kamar Mbah Warsiti ba. Mbah muke ce wa duk wanda ya kai kaka, mace ko namiji.

Kafin a kawo ta, duk unguwarmu an san ta. Jiƙo take sayarwa, na citta da na kurkur da tsamiya, kwalabe cike da kwando a bayanta, tana bin lunguna da ƙafa tun tana budurwa har ta yi furfura. Mijinta Kasdi makaɗi ne, yana kaɗa 'yar garaya a ƙungiyar masu kiɗan keroncong da ake gayyata biki. Bayan rasuwarsa ta zame a bakin rijiya, ƙugu ya karye. Ɗanta guda da ke aiki a Batam ya zo ya kawo ta wurinmu, ya koma.

Aka ba ta gado a bene, kusa da tagar da ba ta kallon komai sai bangon shagon taya. Matakala ta fi ƙarfinta. Da farko kullum tana tambayar yaushe za a sallame ta, daga baya ta daina tambaya, ta daina magana ma. Talabijin na falo yana ta surutu, ita ta juya wa kowa baya. In na kai mata kunun shinkafa, sai in dawo in tarar ya huce ba ta taɓa ba.

Ana nan aka kawo Mbah Sukirno, tsohon tela da ciwon suga ya cinye wa ido. Ya zo da rediyonsa mai cin kaset, da kaset guda da rubutunsa ya goge. Da la'asar ya kunna a barandar bene. Sarewa ta fara, garaya na bin ta.

Ina kwashe kwanuka na ji murya daga ɗaki.

"Wane ne wannan yake kiɗa kamar ana korarsa?"

Na leƙa. Mbah Warsiti ce, ta tashi zaune.

"Wace ce ke zagin kaset ɗina?" in ji Mbah Sukirno.

"Ba kaset na zaga ba, mai garayar. Hannunsa ya yi nauyi. Kasdi ko yana zazzaɓi ya fi shi."

"To fito ki gyara masa mana, Yu, babbar yaya, tunda ke ce malamarsa."

Ta dube ni. "Nduk, 'yata, turo min keken guragun nan."

Daga ranar, kowace la'asar suna baranda suna musu. Shi ya ce kiɗan zamaninsu a Semarang ya fi, ita ta ce makaho ne har a kunne. Tana bin waƙoƙin da muryarta mai rawa, tana ba mu labarin bukukuwa, da yadda mawaƙa ke layi wurin jiƙonta don buɗe maƙogwaro. Ta koma cin abinci. Sai dai duk sanda kaset ya ƙare ya yi ƙas, takan waiga kamar wadda aka tasa daga barci, ta ga inda take, ta ce, "Mayar da ni ciki."

Da damina ta wuce, 'yar Mbah Sukirno ta zo ta tafi da shi Surabaya. Ya so ya bar rediyon, 'yar ta ce ba ya iya barci sai da shi. Mbah Warsiti ba ta fito sallama ba.

Na nemo waƙoƙin nan a wayata na kunna mata. Ta saurara kaɗan ta ture.

"Ba su ba ne, Nduk. Waɗannan sun yi tsabta da yawa. Kuma da wa zan yi faɗa?"

Har yanzu tana benen. Wani lokaci ina shara sai in ji ta ɗauko waƙa, ta yi baiti ɗaya ta tsaya.

"Nduk, me ke biye?"

"Ban sani ba, Mbah. Ba a haife ni ba lokacin."

"Bari, zai zo," in ji ta, ta sake ɗaukowa daga farko.