Kofunan Malama Zulaihatu

Malama Zulaihatu maƙwabciyata ce a Arawa, katanga ɗaya ta raba mu. Tana koyar da ilimin halittu a wata sakandaren 'yan mata, a lokacin kuma tana hayar ɗaki a gidan Alhaji Aƙilu mai kayan gini. Asalinta 'yar ruga ce daga wajen Dukku. Suna yara, in damina ta zauna, kakarsu kan tura su tsinko naman kaza a gindin suri. Wata shekara ƙanwarta Batul ta tsinko wani mai kama da na ci sak, ta gasa ta ci. Ba ta tashi ba. Allah Ya jiƙan ta.

Mu suna biyu muka sani: naman kaza, ana ci; laimar kwaɗi, ba a ci. Zulaihatu ta ce suna biyu sun yi wa halitta mai dangi da yawa kaɗan, kuma a tsakaninsu ƙanwarta ta faɗa. Masana, in ji ta, kowanne sai sun ba shi sunan dangi, sannan nasa na yanka. Na suri wai danginsa Tamitomaisis. Harshena bai taɓa daidaita shi ba.

Duk Asabar ɗin damina za ka gan ta ta dawo daga bayan gari da laka har idon sawu, ɗauke da laimomin da ta tsinko. Sai ta yanke kan laimar, ta kifa shi a kan takarda rabi fara rabi baƙa, ta rufe da kofi. Kafin gari ya waye wani gari ya zubo daga cikinsa, ya zana da'ira mai layi-layi. Launin garin ne ke fara nuna mata danginsa.

Wata safiya Hajiya Barira, matar Alhaji, ta leƙa barandar ta ga kofuna a kife a jere, baƙi da fari a ƙarƙashi, ga rubutun da ba Hausa ba ba Larabci ba. Kafin azahar unguwa ta ɗauka: malama tana kifa wa mutane asiri. Alhaji ya aiko mata, ko ta zubar, ko ta bar masa gida.

Da la'asar ta kira Alhaji da Hajiya tsakar gida, ta roƙe ni in zo in zama shaida.

"Baba Alhaji, buɗe da hannunka," in ji ta.

"Ni? Wanda ya kifa shi zai buɗe."

Ta ɗaga kofi biyu. Laimomin kamar tagwaye, amma garin ɗaya ja-ja ne, na ɗayan kore-kore.

"Wannan a miya. Wannan asibiti. Na baƙar takarda don farin gari ya fito, na farar don mai duhu. Asirin ke nan gaba ɗaya."

Hajiya Barira ta taɓe baki. "To ke da ba ci za ki yi ba, raɗa wa laimar kwaɗi suna kamar jariri, rago za ki yanka?"

"In da hali, Hajiya, har ke zan gayyata ki yi buɗa."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce shi bai ce tsafi ba ne, amma bakin mutane ya fi ƙarfinsa. Ta daina kawai, a zauna lafiya.

"Annabi Adamu ma sunaye aka fara koya masa," ta ce a hankali. "Ɗakinka naka ne, Baba. Kofunan nawa ne, kuma ba zan zubar ba."

Tun rasuwar maigidana Malam ɗakinsa na zaure yake a rufe. Na ce ta kwaso kayanta. 'Yan'uwana sun yi ta magana, na ce abin da na gani a takardar nan ƙirar Ubangiji ce, kuma ban saba gudun ayarSa don tsoron baki ba.

Damina ta biyu ke nan tana wurina. Kofunan suna jere a barandar waje, inda duk mai wucewa masallaci zai gani. Da na shayin Malam ma a ciki, don nata ba sa isa.